Hayaƙi a Cikin Randa

An kawo ni gidan miji a wani ƙauye gabas da Gumel a shekarun da ake ta labarin wai jirgin ƙasa ya iso Kano. Ni 'yar wajen Ɗanzomo ce, kuma a ƙauyenmu ruwan rijiya muke sha rani da damina, don ba mu da tafki. Garin mijina kuwa akwai ƙaton tafki a bayan gari, da ruwan sama ya cika shi sai kowa ya manta da hanyar rijiya. Ban ga laifinsu ba. Rijiyar ga nisa ga zurfi, sai ka ja guga har tafin hannunka ya yi kanta, sannan ruwanta da ɗan zartsi, irin mai barin ɗanɗanon kanwa a harshe. Na tafki kuwa garɗi gare shi, ga shi a bakin ƙofa.

Daminata ta farko na ga abin da ban taɓa gani ba. Ana tsakiyar noma ƙafar maigida ta kumbura wajen idon sawu, ta yi ƙurji, ta fashe, sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Na rafka salati. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ko gezau ba ta yi ba.

"Kurkunu ne, 'yar nan, mene ne na firgita? Bana ma ya zo masa da sauƙi, ƙafa ɗaya ce."

Aka samo tsinke ana nannaɗe tsutsar a hankali kullum, don in ta tsinke a ciki ciwon ya fi haka. Ƙaƙƙarfan mutum ya kwanta a zaure yana cije leɓe, ciyawa tana cin gero a gona. Abin da muka girbe bai kai mu bazara ba, da tafasa da rama muka ƙarasa shekarar. Na ji tsoro ƙwarai, don na gane abincin gidanmu a ƙafar mutumin nan yake.

Ni ba ni da ilimin komai, amma ina da ido. A garinmu babu kurkunu, a nan kuwa gida-gida. Gero ɗaya muke ci, rana ɗaya ke dukanmu, ruwan sha ne kawai ya raba mu. Na faɗa wa Inna haka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce kakannin maigida ma tafkin nan suka sha. Na ce a raina ai su ma da sanda suka yi daminarsu, amma ban furta ba, a lokacin ina da kunya.

Sai na tari maigida. "Malam, in na ɗauki wahalar rijiya, ka bar na tafki?"

"In ya shawu," in ji shi.

Bai shawu ba. Kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye moda, ya ce shi ba raƙumi ba ne da za a riƙa ba shi kanwa. Mutum ne mai haƙuri a kan komai, ban da abin da zai shiga bakinsa.

Nan na tuna yadda uwata take yi wa randarta. Na aika kasuwar Gumel aka sayo mini sabuwar randa, da kajiji, da ɗan ƙaro. Na wanke ta da toka na shanya, na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa kayan, na kife randar a kai ta sha hayaƙi. Da yake zumuɗi ya ɗebe ni, sai na cika hannu. Da ya sha sai ya leƙa cikin modar.

"Ke, wa ya ƙona tsumma a ruwan nan?"

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma da na ɗanɗana sai da na furzar.

A hankali na gane kan abin. Turaren kaɗan ake sawa, a bar hayaƙin ya huce kafin a zuba ruwa. Na haƙa rami a inuwar darbejiya... a'a, a lokacin babu ita a ƙasarmu, tsamiya ce a tsakar gidan. Na binne gindin randar a yashi ina yayyafa masa ruwa. Ina ɗaure farin ƙyallen saƙi a bakinta in tace, in jefa 'yar saiwar jema, in rufe da faifai, ba mai taɓawa sai ruwan ya kwana. Modarta daban, ba ta sauka ƙasa. Zartsin bai tafi duka ba, amma sanyi da ƙamshi sun danne shi. Ranar da ya shanye moda ya miƙo a ƙara, ban nuna komai ba, sai da na shiga ɗaki na yi 'yar rawata. Gorar da yake tafiya da ita gona ma na turara ta.

Damina ta zagayo, tafki ya cika, mata suna wucewa da tulunansu suna yi mini sannu da aikin banza. Ban kula su ba. Sai kawai kurkunu ya sake fito wa maigida, wannan karon a ɗaya ƙafar. Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "To, malama, ga rijiyarki." Na zauna a gindin tsamiya na yi kuka mai isata. Sai da na tsufa na ji masu sani suna cewa abin yakan shekara a jiki kafin ya fito, wato na ruwan bara ne. A ranar dai ban san haka ba, na ɗauka na sha wahala a banza, na kuma sha kunya.

Da na kai masa fura zaure, ya ga idona. Ya ce, "Ci gaba da kawo ruwanki. Ko bai hana komai ba, bakina ya riga ya saba." Da wannan maganar na sake shekara ina jan guga.

Damina ta uku kullum da safe sai na saci kallon ƙafafunsa yana alwala. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka shiga maimai, shiru. Maƙwabta biyu sun kwanta, shi yana gona.

Wata rana da la'asar ya dawo daga gonarmu ta nesa, hauya a kafaɗa, leɓensa ya bushe har ya tsage. Ashe gorar ce ta faɗi ta fashe tun da hantsi. Hanyar gonar kuwa ta bakin tafki take bi, ga shi cike taf.

Na ce, "Malam, haka ka wuni?"

Na miƙa masa moda ya shanye, ya sauke numfashi. Sannan ya ce, "Na tsaya a bakin tafkin, har na durƙusa. Sai na tuna saura rabin gona ban nome ba."