Ƙuri'u Tara na Gidan Sughran

Rabon da a ga Chaudhry Nazir, mai matoyar da ake gasa bulo, a layin masu buga bulo tun wancan zaɓen, sai ga shi yau da fararen kaya har ƙofar Sughran, yana ɗaga ƙafa kar laka ta ɓata masa takalmi. Ƙaninsa ne ke takara.

A wannan matoyar bulo ta garin Kasur aka haifi Sughran, a cikin bashi ta buɗe ido. Ta gaji na ubanta, ta auri Boota da nasa, ya rasu ya bar mata duka biyun. Mai matoya ba biya yake so ba. Wanda ya ci kuɗinsa ba ya barin wurin, ranar zaɓe kuma a tarakta ake kwasarsu su zaɓi wanda ya ce. Amma bana Malik Sarwar, mai matoyar tsallaken titi, shi ma ya fito takara, yana bi gida-gida yana sayen bashin mutane, su koma wurinsa da ƙuri'unsu. Gidan Sughran kuwa ƙuri'a tara ne cif.

"Inna Sughran, ai mu 'yan gida ne," in ji Chaudhry.

"Ranka ya daɗe, jiya ma haka Malik ya ce. Shi har da kwalin alewa."

Matan layi suka tuntsire da dariya a bayan mayafi. Sughran kuwa daɗi kamar ya kashe ta. Yau ita ake lallashi!

"Faɗi abin da kike so. Saniyar tatsa? Rufin kwano?"

"Ilyas nake so. Ka sake shi."

Ilyas ne autanta, an yi masa alkawarin babur mai ƙafa uku a Lahore, bashi ya hana shi motsi.

Chaudhry ya murza gashin baki. "Kuɗi ba ya ɓacewa, Inna. Wa zai ɗauki kasonsa?"

"Ɗora mini. Kaina ya saba."

Ranar tafiyar ta dafa shinkafa mai sukari ta raba wa layi kaf, ta taka rawa har mayafinta ya faɗi, tsohuwa da ita. Abin da ke kanta yanzu ko shekara ɗari ta ƙara ba za ta biya shi ba, ta kuma sani.

A bakin titi Ilyas ya riƙe hannunta. "Inna, ke fa? Yaushe?"

"Kai dalla hau mota, kar mutumin nan ya sake shawara."

Sai da ƙurar motar ta kwanta, sannan ta koma ta durƙusa gaban lakarta tun ba ta bushe ba.