Maganaɗisun Shuri da Kafaɗar Mahaifina

Na zauna a ƙasashe da dama. Na yi faɗa da Larabci, na nemi aiki da Faransanci, na yi ciniki da ɗan Italiyancin da na tsinta a jirgin ruwa. Yawancin abin da na gani ya fara dusashewa yanzu da tsufa ya zo. Amma akwai wani hantsi guda a Makka, a shekarun alif ɗari tara da sittin, wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

A hanya aka haife ni, a Sudan, lokacin da iyayena ke tsintar auduga don su haɗa guzurin ƙarasawa. Ina da shekara bakwai muka iso Makka, muka sauka a unguwar Mansur cikin 'yan'uwanmu Hausawa. Mahaifina bai taɓa samun takardar zama ba. Sana'arsa ɗaukar shibriyya, wani ɗan gado na katako da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya, mutum huɗu su ɗauka a ka su yi ɗawafi da su. Ni kuwa tun ina saurayi na raina wannan aiki. Na tafi Jidda na koyi naɗin wayar injin ruwa, daga nan Bur Sudan, sai Alƙahira, sai aikin lantarki a jirgin ruwa, har ƙafa ta kai ni wani wurin bincike a Turai, a gindin duwatsu masu ƙanƙara.

A can akwai wani ƙaton zobe na bututun ƙarfe, wanda zagaye shi a ƙafa ma tafiya ce. An zuƙe iskar cikinsa ƙaf. A ciki ake sakin wasu ƙwayoyi da suka fi zarra ƙanƙanta, su yi ta kewayawa suna ƙara gudu, masana suna nazarinsu. Ni ba masani ba ne, ɗan gyara ne. Rabona maganaɗisu ɗaya ne a bakin ƙofar zoben, wanda muke kira mai shuri. Ƙwayoyin daga gefe suke shigowa, a karkace. Shi zai ba su shuri ɗaya ya daidaita su a kan hanya, sannan ya mutu kafin su kewayo, duk a cikin lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Namu ya tsufa. Yana yin shurin, amma ba ya saki da wuri. Wuta tana saura a jikinsa, ƙwayoyin su kewayo su tarar da ita, su sake shan shuri, su bugi bangon bututu su salwanta. Shi ya sa aka yanke shawarar a tsayar da zoben a sa sabo. Wata takwas na yi ina goge farantan sabon nan da safar hannu, domin ko zufar yatsa ta taɓa su, wuta za ta yi tsalle ta ƙona wurin.

Kafin ranar sakawa aka ba ni hutu, na zo aikin hajji. Rabona da gida shekara shida, mahaifiyata ta rasu ba na nan. Na tarar Baba ya rame, yana jan ƙafar dama. Na kuma tarar da labari ya riga ni isowa. Mai shayin bakin layinmu yana da rediyo, ya taɓa jin an haɗa kalmar zarra da bom, sai maganar ta bazu cewa ɗan wane bom yake haɗa wa Turawa.

Baba bai tayar da maganar ba sai da aka sauko daga Mina. Ran nan da safe muna cin wake da burodin tamis, aka kawo mini wayar tangaraho daga wurin aiki: za a fara sakawa nan da kwana goma sha biyu, ana jirana. Ya goge hannunsa ya dube ni.

"Ya waladi, ɗana, wai me kake yi a can?"

Na shiga bayani, ina tuntuɓe, kalmomin Faransanci suna faɗo mini.

"Yi mini Hausa," in ji shi. "Abin nan yana kashe mutum?"

"A'a, Baba."

"Yana warkar da ciwo?"

"A'a."

"Yana jawo ruwa daga rijiya?"

"Ba ya yi."

"To abin da ba ya kisa, ba ya magani, ba ya ba da ruwa, don me hukumomi za su tara masa mutane daga ko'ina? Akwai abin da ba a gaya maka ba. Khalas, magana ta ƙare. Ba za ka koma ba."

Matasan yanzu za su ce ai sai in ɗauki jakata. Ni ban taɓa ƙetare ruwa ba sai da izininsa, ko tafiyar farko sai da ya dafa kaina. In ya ce a'a, a'a ce. Kwana uku na yi ina zagaya Mansur kamar mara lafiya. Ina shaƙar ƙamshin tsire da turaren da na yi shekara shida ina kewa, amma zuciyata tana can wurin farantan da na goge, ina tunanin hannun da zai ɗauke su.

A rana ta huɗu Baffa ya zo gaisuwa. Abokin aikin Baba ne na shekara talatin, mutum mai barkwanci, har lokacin shi ke jan gaban shibriyya. Ya zauna ya kira ni injiniya da Larabci, ya ce, "Muhandis, zo ka zana mana bom ɗin nan mu gani, ko ma samu na korar ɓeraye."

Na ɗauki gawayi na zana zobe a ƙasa, na ja layi yana shigowa daga gefe. Baba yana gefe yana ɗinke takalminsa, kamar ba ya ji. Na ce wa Baffa wahalar ba ta shigarwa ba ce kaɗai, wahalar ita ce mai turawa ya janye kafin na baya su iso. Sai na ga allurar Baba ta tsaya.

"Sake faɗi."

Na sake.

"To bayan ya tura, ragowar ƙarfin ina take zuwa?"

Wannan tambayar ce injiniyoyinmu suka shekara suna kai da komo a kanta, ni kaina na daɗe a wurin kafin in gane cewa ita ce tambayar. Ya ajiye takalmin ya ce, "Tashi ka yi alwala."

Harami cike yake da masu ɗawafin bankwana. A hanya ne na san cewa tun da gwiwarsa ta lalace ya daina ɗauka, ya koma mutum na biyar. Ni ban ma san akwai na biyar ba. Ya ce masu ɗauka ba sa iya waiwaye, wuyansu yana ƙarƙashin nauyi. Shibriyya daga ƙofa take zuwa a miƙe, jama'a kuwa kewayawa suke yi. Sai wani ya tsaya a baya ya jira gurbi, ya sa kafaɗa a ƙafar katakon, ya juya ta ta bi hanyar jama'a.

An ɗora wata tsohuwa 'yar Jawa, ƙarama kamar yarinya, tana riƙe da carbi. Baba ya nuna mini inda zan tsaya.

"Katako za ka tura, ba baƙon Allah ba. Yalla, maza."

Na jira. Na ga gurbi ya buɗe bayan wasu Farisawa, na sa kafaɗa na tura, shibriyya ta juya daidai. Na ji daɗi har na manta da kaina. Ƙarfin da na ɗauko ya ja ni gaba taku uku, kafaɗata tana manne da katakon. Gindin shibriyyar ya wuce inda ake so, tsohuwar ta saki carbi ta damƙe gefen gado, mai ɗauka na bayan dama ya yi tangal-tangal yana salati. Kafin in farga, sahun da ke tafe ya iso ya ci karo da bayana, wani dattijo ya kusa faɗuwa. Na fito ina ba da haƙuri da duk harshen da na iya. Daga can gaba na jiyo muryar Baffa, bai ko waiwayo ba: "Allah ya shirye ka, Muhandis!"

Baba bai yi dariya ba. Da aka kawo ta biyu, da wani tsoho Baturke mai nauyin gaske, ya ce in matsa in kalla. Ya tsaya yana duban ƙafafun mutane, ba fuskokinsu ba. Gurbi biyu suka wuce bai motsa ba. A na uku ya sa kafaɗa sau ɗaya, kuma a take ya ɗan durƙusa, ya kafa diddige a ƙasa, ya zame baya. Shibriyyar ta shige kamar tun asuba take cikin sahun. Waɗanda suka biyo baya suka wuce ta gabansa suna addu'arsu, babu wanda ya san an yi wani abu.

Muka koma inuwar ginshiƙai muka zauna. Wani mai rabon zamzam ya zuba mana daga tulunsa. Baba yana murza gwiwa.

"Turawa kowa ya iya," in ji shi. "Ragowar nan, in ba ka ba ƙasa ta shanye ba, na bayanka ne zai sha. Ni ta nan take bi." Ya buga gwiwar da tafin hannu.

Na ce masa a sabon maganaɗisunmu ma mun sa wani abu a ƙarshensa, wata tukunya mai fayafayan gawayi a cikin mai, ba ta da aikin komai sai shanye ragowar wutar don kada ta dawo. Tana zafi, tana gajiya.

"In ta gaji fa?"

"Sai mu cire mu sa sabuwa."

"To ku kun ji daɗi," ya ce, ya yi murmushi yana duban gwiwarsa.

Ya daɗe yana kallon masu ɗawafi. Ni kuma ina kallonsa, ina lissafin kwana takwas da suka rage.

"Har yanzu ban san amfanin kewayen 'yan ƙwayoyin naku ba," ya ce daga baya. "Amma aikin da duk hankalinsa yana kan kada a bugi na baya, ban ga kisa a cikinsa ba. Ka tafi. Allah ya yi maka albarka. In kun sa, ka rubuto mini ko ya saki da wuri."

Ya dafa kaina a wurin, da hannun da ke jiƙe da zamzam.

Na isa da saura kwana biyu. Muka fitar da tsohon, muka jera sabbin farantai, muka ɗaure wayoyi, aka sake zuƙe iska, aka yi ta ɗaga wutar kaɗan-kaɗan har ƙarfen ya saba da ita. Ranar gwaji muka taru a gaban ɗan gilashin awo. Koren layi ya tashi, ya miƙe, ya faɗo ƙasa tsaf, babu jela, alamar ya saki da wuri. Abokan aikina suna ta rungumar juna. Ni na nemi kusurwa na rubuta wasiƙa da ajami, layi huɗu. Baffa ya gaya mini daga baya cewa Baba ya kai ta wurin mai shayin nan, ya sa an karanta sau uku a gaban kowa.

Na yi wa kaina alkawari cewa hutu na gaba zan zauna da shi in tambaye shi komai: me yake gani a ƙafafun mutane, me ya sa ya bar gurbi biyu suka wuce, wa ya koya masa. Hutun ya zo, aka ce akwai wani gyaran, na ɗaga. Ya sake zuwa, na sake ɗagawa. Kafin na uku aka aiko mini cewa an yi masa sallah a Harami bayan la'asar.

A wurin aikinmu na Turai, duk ƙusar da na taɓa ɗaurewa tana rubuce a littafi, da rana da sa hannu. Aikin mahaifina na shekara arba'in ko layi ɗaya babu. Yau in na je Makka kekunan turawa nake gani, filin ya faɗaɗa, waɗanda suka san aikin mutum na biyar duk sun kwanta. Nakan tsaya ina duban ƙafafun masu ɗawafi ko zan gane abin da yake gani, ban taɓa ganewa ba.

Na zo gida ina zaton ni ne mai ilimin da zan yi wa tsoho bayani, ashe shekara da shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da gwani ban taɓa tambayarsa yadda yake aikinsa ba. Wanda mahaifinsa ke raye, ko wace irin sana'a yake yi, ya je ya zauna ya tambaye shi yau. Ni hantsi ɗaya na samu, shi ma don ya ja ni ne da kansa.