Kwale-kwalen da Gwaggo Eula Ta Nema

Duk wanda ya yi firamare a garinmu, can kudancin jihar Louisiana, ya ci daga ludayin Gwaggo Eula Pitre. Shekara talatin da ɗaya tana raba jan wake da shinkafa a makarantar, ban taɓa jin wanda ya samu ƙari ba. Ɗan magajin gari ludayi ɗaya, ni ɗan masunci ludayi ɗaya. In ka marairaice sai ta ce, "Matsa, ɗan nan, na bayanka ma da ciki ya zo." Mun ji haushinta ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Mijinta Anatole kuwa hannunsa ba ya riƙe komai. Da ya rasu abu ɗaya ya bar mata, kwale-kwalen da ya sassaƙa daga gungumen itace guda, ya shafe shi da koren fenti, ya toshe wata tsaga a gindinsa da jan gwangwanin gahawa. A cikinsa ya kai ta coci ranar aurensu. Ita ko tuƙi ba ta iya ba, amma duk Asabar sai ta goge shi da tsumma a ƙarƙashin gidan, da yake a kan dogayen turaku aka gina shi.

Guguwar teku ta zo ta tafi da gidan da kwale-kwalen gaba ɗaya. Gidan bai dame ta ba, wallahi ko sau ɗaya ban ji ta ambace shi ba.

Hukumar gari ta ɗauko kamfanin kwashe tarkace, ana biyansa gwargwadon cikar mota. Da yake ba a yarda da shi ba, sai aka ɗauko kamfani na biyu ya sa masa ido. An ce akwai wasu a babban birni da ke sa wa na biyun ido, su kuma ban san mai duba su ba. Aikin sa idon ba wuya: ka hau wani dogon dakalin ƙarfe a ƙofar juji, ka leƙa cikin kowace mota, ka rubuta kashi nawa cikin ɗari ta cika. A ƙofar fita akwai wani dakalin, mai tabbatar da motar ta fita wayam. Dokar kuma ita ce, duk abin da ya shigo ƙofar nan ya zama shara, injin niƙa zai tafi, mai sa ido ko ƙusa ba ya ɗauka.

Gwaggo Eula tana da shekara sittin da takwas ta je ta karɓi riga mai ƙyalli ta masu sa ido. Ni ina ƙasa ina jera motoci, na ce, "Gwaggo, da wannan gwiwar taki?"

Ta ce, "Duk tarkacen garin nan ta ƙarƙashin hancina zai wuce. In yana ciki zan gan shi."

Direbobi suka shiga uku. Rabinsu ta raba musu abinci suna yara, yanzu ga ta a sama tana raba musu maki.

"Haba Gwaggo! Wannan ai ɗari ce cif!"

"Saba'in. Ina hango ƙasan motarka ta tsakanin rassa. Matsa."

Wani mai sa ido, ɗan cocinsu ma, ya tsinci kujerar lilo ya sa a motarsa. Ita ta rubuta sunansa a littafin rahoto, aka sallame shi.

Direba ɗaya ne ke samun casa'in da biyar kullum, Dudley Verret, ajinmu ɗaya da shi, tun muna yara ɗan wayo ne. Motarsa ta riga ta kowa cika, ta riga ta kowa dawowa, har Gwaggo tana kafa misali da shi. Sati uku ana haka. Ranar nan mai tsaron ƙofar fita, wanda ɗan baffan Dudley ne, ciki ya murɗe shi, aka tura Gwaggo can da safe.

Dudley ya juye kaya ya zo fita. Ta leƙa, sai ga tamfol mai laka a shimfiɗe a ƙasan motar, da wani tudu a ƙarƙashinsa. Ta sa ya yaye. Kwale-kwale ne a kife, an ɗaure shi da waya don ya ci wuri, a ɗora masa rassa kaɗan mota ta cika. Kore ne, ga jan gwangwanin a gindi.

Dudley ya fara rawar baki. "Gwaggo, don Allah kar ki rubuta, 'ya'yana huɗu."

"A ina ka samo shi?"

"A kan wata bishiya, bayan maƙabarta."

Ka ji fa. Da direban kirki ne ya tsince shi, da tun satin farko an niƙe shi. Ha'incin Dudley ne ya adana mata shi. In ta rubuta gaskiya, Dudley ya rasa aiki, kwale-kwalen kuma ya tafi inji. Ina kallonta ta rubuta cewa mota ta fita wayam. Ƙaryar farko ke nan da na san ta yi a rayuwarta.

"Ka san inda gidana yake a da? Kai shi can yanzu, kar ka tsaya ko'ina."

Ya kai kuwa. Filin ya cika da laka, mota ba ta shiga, sai ya sauke shi a hankali a bakin titi, har da ɗora shi kan tayoyi biyu don kar ya ƙuje. To, ko jariri a garin nan ya san abin da ke cikin taku goma daga titi shara ne. Kuma wa ya buga waya ofis sau uku yana faɗan an manta da layinsu? Gwaggo Eula. Ranar masu kwashe tarkace suka ga damar zuwa.

Da yamma an mai da ita ƙofar shiga. Wajen ƙarfe huɗu wata mota ta tsaya, direban baƙo ne daga Texas. Ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Hannun ƙarfen da ke loda kaya ya riga ya matse kwale-kwalen, koren katako ne fale-fale a cikin rassa. Ni kam hawaye suka zo min, ban ji kunya ba.

Direban ya danna oda. "Iya, nawa ne?"

"Sittin."

"Sittin kuma?"

"Katako in ya farfashe ba ya cin wuri."

Ta sauko a hankali, ta dube ni. "Hau ka ciro min gwangwanin nan."

"Gwaggo, doka fa."

"Na ce hau."

Na ciro na ba ta. Ta buɗe littafin rahoto ta rubuta sunanta a ƙarƙashin na mai kujerar lilo, da lokaci da abin da aka ɗauka. Ta tuɓe rigar ta ninke, ta miƙa wa shugaban aiki, tana cewa doka ba ta ware kowa ba.

Yanzu tana zaune a wani ɗan gida mai tayoyi irin wanda mota ke ja, a filin nata. Dudley yakan kawo mata jatan lande duk sati, ta ce ya zauna ya ci, ta zuba masa ludayi ɗaya. Gwangwanin yana rataye a ƙusa saman murhu, duk Asabar sai ta sauke shi ta goge da tsumma.