Sassarfar Malam Nasidi

Malam Nasidi ya shekara talatin yana awon gero a kasuwar Ƙaura, ba a taɓa ganin ya yi ko sauri ba. Kwatsam bana, da an idar da Asuba sai ya zagaya bayan layin dogo, ya naɗe wando, yana ɗaga gwiwa har ƙirji, yana tsalle da ƙafa ɗaya.

A nan kuwa babba ba ya koyon gudu a banza. Aka fara raɗa: ko ya san ranar da 'yan bindiga za su shigo ne ya ɓoye? Masu zuwa awo suka ƙaurace wa rumfarsa.

Mai unguwa ya kira shi. "Nasidi, mi ka ji wanda ba mu ji ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe, ɗiyata ta biya min Makka, na ɓoye don gudun baki. An ce akwai sassarfa tsakanin Safa da Marwa, ga gwiwa ta tsufa."

Asiri ya tonu, ciniki ya dawo. Yanzu kowa ya zo awo sai ya ce, "Alhaji, kar ka manta da zamzam ɗina."