Kujerar Roba a Ƙarshen Sahu

A zamaninmu, wanda ya zo Ibadan neman abinci ba ya komawa Arewa ganin dangi a rame. Sai a ce Kurmi ta ƙi shi. In tafiya ta rage wata biyu, mu 'yan goro na Sabo sai mu shiga kiwon kanmu: amala da ganda da safe, tuwo da man shanu da rana, shayi mai kauri a tsakani. Ranar da na isa gida, mahaifiyata ta shafa cikina ta ce, "To, yanzu hankalina ya kwanta." Wannan ce kaɗai jarrabawar da na taɓa ci, don a aji huɗu na sallami boko.

Allah ya ji ƙanta. Tumbin da na tara mata dai bai bi ta ba.

Shekara uku ke nan ina salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, gwiwoyi sun ƙi. Abokaina na sujada, ni ina kallon ƙeyarsu. Ba abin da nake kewa kamar sanyin dabe a goshina.

A asibiti wata nas Bayarabiya ta zagaye ni da tef irin na tela, da ƙyar ya haɗu.

"Baba, ƙugu bai kamata ya wuce rabin tsayin mutum ba."

"Ashe tsayin ne ya gaza, 'yata. Cikin ba shi da laifi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce hawan jini ya riga ya shigo, suga na bakin ƙofa, gwiwar ma kaya ne ya fi ƙarfinta. A rage tuwo, a bar lemon kwalba, a riƙa tattaki. Ban da horon yunwa.

Hajiyata ta riƙe maganar kamar hukuncin alƙali. Malmala ɗaya, ganye tuli. Bayan La'asar nakan taka zuwa unguwar Mokola in dawo, 'yan okada na yi mini hon ina ɗauke kai.

Makon jiya na tura ƙofar ɗaki, na gwada. Na sauka a hankali, har goshina ya taɓa tabarma. Tashi ne ya gagara. A haka Hajiya ta same ni.

"Alhaji, kawo hannu. Da girmanka."

Na ce mata, "Bar ni tukuna. Je ki duba tukunyarki, ki dawo."