Shekarar da Na Rubuta wa Baba

Ni da Baba kamfani ɗaya muka yi wa aiki, wani kamfanin rarraba takin zamani kusa da Unguwar Rimi. Shi makanike ne a gareji, ni kuma ina buga tafireta a ofishin ma'aikata. Tare muke fitowa daga Kurmin Mashi da safe, mu rabu a bakin ƙofa. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. "Kai" kawai yake ce mini.

Da aka kawo kwamfuta, aka ce in kwashe bayanan ma'aikata daga fayil-fayil in zuba a cikinta. Injiniyan da ya kafa ta ya bar mini wani littafi mai kauri da yake kira ƙamus. A ciki an bayyana kowane gurbi da irin abin da yake karɓa. Akwai gurbin haruffa, na suna da adireshi. Akwai na lamba, akwai na e ko a'a. Sai gurbin kwanan wata, wanda ba ya yarda sai da rana da wata da shekara, cikakku. In ka bar shi babu komai, na'urar ta yi ƙara, ta ƙi gaba.

Yawancin dattawanmu ba su san ranar haihuwarsu ba. A fayil ɗin Baba, tsohon akawu ya rubuta "ba a sani ba", kuma aka zauna lafiya da hakan shekaru da yawa.

Na ce wa injiniya, "Yallaɓai, a mai da gurbin nan na haruffa mana, in riƙa rubuta kimanin kaza."

Ya ce, "Malam, da kimanin za ta lissafa ranar ritaya? Sa ɗaya ga Janairu. Shekara kuwa, tambaye su."

Na iske Baba a ƙarƙashin tirela. Na durƙusa na faɗa masa abin da ake nema.

Ya ce, "Shekarar fara ce, da kaka. Inna ta ce ana yankan gero."

"Baba, ba ta karɓar fara. Lamba take so."

"To me ka rubuta wa maigadi?"

Maigadin kamfanin ɗan garinsu ne, tare suka tashi a Rigachikun, kuma Yaya yake ce wa Baba. Shi yana da takardar soja. Na faɗi shekarar da ke jikinta.

Baba ya ce, "Ɗora ni a kansa da uku. Ni na koya masa riƙe fartanya. Ba za a rubuta ƙanena ya girme ni ba."

Na san maigadi ƙarin shekaru ya yi don a ɗauke shi soja, shi da kansa yake ba da labarin yana dariya. Amma ga abokan aikin Baba tsaye suna ji, ban iya yi masa musu ba. Na koma na buga abin da ya ce. Na'urar ta karɓa ba ƙara.

Bayan 'yan watanni ta fitar da jerin waɗanda lokacin ritayarsu ya yi. Sunan Baba na ciki. Mutumin da ke sauke giyar injin tirela da hannunsa.

Na je wurin manaja, ya tura ni wurin injiniya. Injiniya ya buɗe ƙamus ya nuna mini cewa gurbin a kulle yake da zarar an cika shi. Sai dai manaja ya ba da izini. Na koma, manaja ya ce a kawo takardar rantsuwa daga kotu mai ɗauke da rana da wata da shekara. Kusan mako uku ina kai da kawowa tsakanin ofis biyu da bango ɗaya ya raba.

Na kawo wa Baba maganar a zaure bayan la'asar. Na ce mu zaɓi shekarar da ta fi kusa da gaskiya, ya rantse, shi ke nan.

Ya ce, "Kai, ka san ranar?"

"A'a, Baba."

"Ni ma ban sani ba. Ba zan dafa Alƙur'ani a kan abin da ban sani ba."

Na ce laifina ne. Ya ce, "Ni na faɗa, kai ka rubuta. Bar shi."

Ranar da ya mai da makullin akwatin kayan aiki, maigadi ya raka shi har bakin titi yana ta cewa, "Yaya, ka yafe mini." Baba ya ce masa ya koma kan ƙofarsa.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara keken ɗinkin maƙwabta, ya gyara injin markaɗe, har abin gyara ya ƙare a layin. Damina biyu ya yi. Ban ce ritaya ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Ni ne dai mai cika bayanai, don haka ni na buɗo shafinsa. A gurbin da ke tambayar ko yana raye, na buga a'a. Na'urar ta nemi kwanan wata. Wannan karon na san rana, na san wata, na san shekara. Na buga, sannan na ɗauko fayil na gaba.