Saura Rabo Ɗaya

Ranar Talata da hantsi, ina cikin aji a lakwal, wato makarantar boko ta Maraɗi, wani mai jaki ya tsaya bakin taga ya ce Malam Garba ya cika a Tsibiri. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli na zauna. Shekara goma sha ɗaya muna koyarwa tare, katanga ɗaya tsakaninmu.

Mutum ne mai sanyin magana, amma ba a sa shi ya ce ya ga abin da bai gani ba. Wata shekara wani nasara mai duba makarantu ya rubuta mana miliyan ɗaya da uku a allo, ya ce babu lambar da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Ya ce haka littafi ya faɗa, namu kwafewa ne kawai. Mu duka muka kwafe. Malam Garba ya ce mini a hanya: "Ban ƙaryata littahi ba, amma ban gani ba."

Daga nan ya ɗaura aniyar gwada ta da hannunsa. Ya ce ba sai an bi kowace lamba ba, waɗanda ba sa rabuwa a ƙasa da dubu sun isa, su ɗari da sittin da takwas. Duk Alhamis, ranar da ba lakwal, sai ya share ƙasa a ƙofar gida, ya ɗauki kara ya yi rabo ɗaya, ya maimaita sau uku kafin ya sa a takarda. Mata masu zuwa kasuwa daga Jiratawa suka ɗauka bugun ƙasa yake, har wata ta durƙusa tana tambayar inda akuyarta ta shiga. Ya ba ta haƙuri, ya kuma tashi ya taya ta nema. Na daɗe ina tsokanarsa da boka, shi ko sai murmushi.

Ya wuce rabi lokacin da Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maraɗi, takardun suka bi ruwa. Ya sake farawa daga lamba biyu, bai yi ƙorafi ba. Sannan ido ya fara gazawa, ya bar aiki ya koma Tsibiri wajen 'yarsa Rabi. Sau biyu yana aiko mini in zo in zama idonsa. Na ce sai an yi hutu. Gaskiya gajiya ce ta hana ni, da ganin abin ba ya ciyar da kowa, kuma wannan yana ci mini rai.

A zaman makoki Rabi ta miƙo mini takardar. Rubutun ƙarshe ya karkace, ya tsaya a ɗari tara da casa'in da ɗaya. Ta ce: "Baba ya ce saura guda, kai ka san ta."

Na fita bayan zana na share ƙasa, na raba da ɗari tara da casa'in da bakwai, sau uku. Goma sha biyu suka yi saura. Lambar ba ta rabuwa. Aikin bai kai tafasar ruwa ba, kuma shi ne na kasa zuwa in yi masa yana da rai.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ya yafe mini. Allah ya ba Rabi da 'yan'uwanta haƙurin rashinsa. Amin.